Fremio da Agogon Wasan Kati

Fremio Peguero ya tuƙa bas tsakanin garuruwan Santiago da Moca har kansa ya yi furfura, kuma duk shekarun nan bakinsa bai taɓa hutawa ba. Ya yi faɗa da fasinja, ya yi da ɗan sanda, har ramin titi bai tsira ba. Sai ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi, mutumin nan ya ja bakinsa ya tsuke. Likita ya ce wa 'yarsa Miguelina lallai tsohon ya riƙa magana, in ba haka ba harshen zai tafi gaba ɗaya. To wa ya isa ya sa Fremio abin da bai yi niyya ba? Ta kawo masa mangú, wato kirɓaɓɓiyar dafaffiyar ayaba, da kofi, sai dai ya gyaɗa kai. Abokan wasansa na domino suka zo, ya juya musu ƙeya.

Don ta samu sararin yin wanki kawai ta kunna kwamfuta ta buɗe masa wani wasan kati a shafin intanet. Ana baza katuna masu zane-zane, kai kuma ka tsinto ukun da suka dace kafin agogo ya cika. Idon Fremio garau yake, hannun ne ba ya sauri. Tana cikin wankin ta ji an kwarma ihu daga ɗaki.

"Ɓarayi!"

Ta shigo a guje da kumfa a hannu. Ya nuna mata wurin da 'yan wasa ke faɗin ra'ayinsu a ƙasan shafin.

"Zauna. Rubuta. Ki ce wa wanda ya ƙirƙiri wasan nan agogonsa na cuta ne."

Shi ke nan fa Miguelina ta shiga uku. Kafin ta tafi shagon gyaran gashi sai ta rubuta ƙorafi, ta dawo a gajiye ta tarar da wani ƙorafin yana jiranta. Koren ya yi kama da shuɗi. Katunan sun yi ƙanana. Kiɗan kuwa ko a jana'izar maƙiyi ba za a sa shi ba.

"Baba, kyauta fa mutumin nan ya yi wasan."

"Kyauta ce ta ce ya raina min hankali? Karanta min abin da kika sa."

Ta karanta.

"Ina 'sakarai'? Na ce ki sa 'sakarai'!"

"Ba zan sa ba."

"Halin uwarki sak. Ita ma haka take tace min magana."

Wallahi akwai ranar da ta so ta jefa kwamfutar a kwata. Shinkafa ta ƙone a kan zancen launin kati, ta makara aiki har mai shago ta fara yi mata kallon banza.

Abin haushi, mai wasan mutumin kirki ne. Ya riƙa amsawa da ladabi, yana gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙara girman katunan, ya sauya koren, ya kashe kiɗan. Daga ƙarshe ya cire agogon ɗungurungum, har da godiya ga "Señor Peguero, wanda ya fi kowa taimaka mana".

Fremio ya yi wasa a natse, ya cinye. Ya sake, ya cinye. Miguelina ta ci abinci da zafinsa, ta isa aiki a kan lokaci, ta ce kai, Allah na gode.

Sai da mako ya kusa zagayowa ta lura gidan ya yi tsit. Ta tambaye shi ko a ƙara masa kofi, ya gyaɗa kai. Ta sake tambaya da gangan, ya sake gyaɗawa. Gabanta ya faɗi.

Ta ja kujera, ta juya kwamfutar yadda ba zai gani ba, ta rubuta tana ƙwafa, idonta taf da ƙwalla:

"Ni ce 'yar Peguero, ni nake rubuta maka duk zagin nan. Don girman Allah ka mayar da agogon. In da hali ma ka rage lokacin."