Farin Tabo a Kuncin Hagu

Abu uku na kusa rasawa saboda kwali ɗaya na man goge fuska: sana'ata, gidajen da ake buɗe mini ƙofa daga Ƙonni har Malbaza, da kwanon da nake sa hannu a ciki tare da 'ya'yana. Na ukun ne ya fi tsaya mini a rai.

A lokacin dillancin kayan shafa nake yi. Da faranti ɗaya na fara, har na kai ina tsallaka iyaka in saro kaya kwali-kwali, in bi matan ma'aikatan siminti gida-gida. Ƙa'idata ɗaya ce: abin da ban shafa a fuskata ba, ba na sayar wa kowa. Fuskar tawa kuwa mai wuyar sha'ani ce. Goshi da hanci kullum cikin maiƙo, kumatu a bushe, sabulu in ya cika ƙarfi sai su yi ta zogi. Mata sun san haka, shi ya sa suka yarda da ni. Abin da fuskata ta ɗauka, ta kowa za ta ɗauka.

Man nan a robar matsawa yake, da ƙwayoyi a cikinsa kamar tsakin gero. Mai shagon da nake saro kaya ya ce yana kwashe matacciyar fata. Nan take na tuna matan Malbaza da ƙurar siminti ke kwanta wa a fuska, na ce wannan zai tafi. Rubutun jikinsa Ingilishi ne, ni kuwa ko lakwal, makarantar boko, ban shiga ba. Sai na yi masa yadda muke yi wa lalle: na dirje da kyau, na ƙara wani a kai, na bar shi ya kama, na ci gaba da aikin gida cikin zafin bazara. Da ya fara cizo na ce aiki yake yi.

Goshi da hanci suka fito sumul. Kumatu kuwa suka kumbura, suka yi ɓawo, suka saɓule. Wannan bai dame ni ba, ƙuna na san ta. Amma da ɓawon ya gama zuba, kuncin dama ya koma yadda yake, na hagu ya bar tabo fari-fari, faɗinsa kamar babban yatsa.

Goggona da irin wannan tabon ta fara. Ina yarinya aka ware mata kwano da moɗa, aka yi mata bukka a bayan rumbuna, mu yara aka hana mu zama a tabarmarta. Kafin ta rasu yatsunta sun gutsure. Ba a faɗin sunan ciwon a gidanmu, amma kowa ya san kuturta ce. Hankalina yana gaya mini man ne ya yi wannan. Sai wata zuciyar ta ce, in kuma dama ciwon yana kwance a jini, man ya buɗe shi kawai fa? Na ji an ce tabon kuturta ba ya jin taɓi. Na yi ta mintsinin kuncin, wani lokaci in ji, wani lokaci in rasa ko yatsana ne ke ji ko kuncin.

Na rufe da mayafi, na ce haƙori ke ciwo, na tafi Malbaza da kaya. A wani gida da na daɗe ina ciniki, uwar maigidan tana zaune a gindin ɗaki. Na sunkuya kwance kaya, mayafin ya zame.

"Ɗiyata, mi ya same ki a kunci?"

"Wani mai ne na gwada, Inna. Bai karɓe ni ba."

"Mai." Ta daɗe tana kallona. "Allah shi sawwaƙe."

Aka kawo mini ruwa na sha. Ina ɗaure kaya na ga tsohuwar ta ture moɗar da bakin tsintsiya zuwa gefen randa. Surukarta, wadda ba ta taɓa barina in fita ba tare da ta ɗauki wani abu ba, ta ce yau ba ta da bukata. Gida na gaba aka ce matar gidan ta yi barci. Da na isa gida na zuba wa yara abinci, na ce na ƙoshi, kuma daga ranar na daina sa hannu a kwanonsu.

Yayata kaɗai na gaya wa. Ta kama haɓata ta juya fuskar wajen haske.

"Ke da wayonki, kin kwana biyu kina sayar da mai, ba ki san wanda ake wankewa ba?"

"Yaya, ba shi ne zancen ba. Ki tuna Goggo."

Ta saki haɓar. Da ta goge hannunta a zane, ban san ko da gangan ba ne.

Gidan likitan Ƙonni ba zan je ba, rabin masu jiran layi sun san ni. Muka jira ranar kasuwar Badagishiri muka tafi kamar masu sayayya. Babban ma'aikacin gidan likitan garin, wanda ake kira manjo, ya saurari labarin, ya tambayi ko akwai wani tabon a baya ko a cinya, ya matsa gwiwar hannuna da bayan kunnena. Sannan ya ce in rufe ido, zai taɓa fuskata da auduga, duk inda na ji in nuna da yatsa.

Na rufe. Ina jin hayaniyar kasuwa daga nesa, ina jin numfashin yayata. A fuska ban ji komai ba. Na jira, na ƙara jira. Na ga bukkar bayan rumbuna, na ga autata tsaye daga nesa tana miƙo mini kwano.

"Ban ji ba," na ce.

"Hajiya, ai ban taɓa ba tukuna. Audugar nake murzawa."

Sai ga ta a goshi, na nuna. A haɓa, na nuna. Sannan wani ɗan taɓi mara nauyi a tsakiyar tabon, na kai yatsa daidai wurin. Ya maimaita sau da yawa, ban kuskure ba.

Ya ce ga alama ƙuna ce, launin zai dawo a hankali. In guji rana, kada in shafa komai sai man kaɗanya, in kuma tabon ya ƙara faɗi ko wani ya fito, in dawo ba tare da ɓata lokaci ba. Wannan "in" ɗin na ɗauko na dawo da shi gida. Har damina ta faɗi kullum ina auna tabon da yatsa. Sai da aka fara yankan gero na ga gefensa ya soma duhu, ranar na zauna na ci tuwo da yarana.

Na koma Malbaza fuska a buɗe, ina nuna kuncin ina faɗin yadda aka yi. Kwalin man kuwa ban zubar ba. Na gwada shi a dugadugan ƙafata, ya ci kaushi sosai, na sayar da shi a maganin kaushi, ina gaya wa kowace mace ta wanke nan take, kada kuma ta kai shi fuska. Ya ƙare tas.

Launin kuncin ya dawo, sai dai har yau ba ya son rana. Yawancin gidajen sun sake buɗe mini. Gidan tsohuwar nan da biyu na kusa da shi ba su ƙara sayen ko kwalli a hannuna ba.