Robar Inji a Wurin Alwala

Jama'a, ku ji abin da na taka da ƙafata yau!

Jiya na ɗaura sabbin robobin rariya huɗu a injin tace tsakuwa, can wurin aikinmu na Tondibia. Yau da safe na tada inji, sai ga manyan duwatsu suna zubowa cikin ƙananan tsakuwa! Na kashe, na leƙa. Roba ɗaya tsohuwa ce, ramukanta duk sun buɗe. Wani ya musanya!

Shef ɗinmu, wato shugaban aikin, Alhaji Idi, ya taso mini: "Kai ka ɗaura, kai za ka fito da sabuwar, ko ka bar aikin nan!"

Na tambayi gardi mai tsaron wurin, ya ce, "Ni ban ga kowa ba," amma idonsa na ƙasa.

Da azahar na je alwala a ɗan masallacinmu. Na ji laushi ƙarƙashin ƙafata. Sabuwar robar ce shimfiɗe, ruwa na bi ta ramukan!

Liman ya ce, "Ka ga sadakar Alhaji Idi? Yanzu ba mai zamewa. Sa masa albarka."

Na juya. Alhaji na bayana riƙe da buta, yana jira in sauka.