Ranar da Orval Ya Faɗi a Gasar Ƙarya

Orval Dietz mai gyaran famfon rijiya ne a garinmu, can cikin jigayin jihar Nebraska ta Amurka, amma ba da famfo ya yi suna ba. Da ƙarya muka san shi. Duk kaka, in an gama cire masara, mukan yi gasar ƙarya a ɗakin taron gari, doka kuma ɗaya ce: wanda aka kama da gaskiya ya faɗi. Ba a taɓa kama Orval ba. Shi ya ƙago Dogo Lute, ƙaton da atishawarsa ɗaya ta share itatuwan jiharmu kaf, mai sakace da turken wayar lantarki. Ni da nake sayar masa da kofi tun yana da gashi a ka, ko cewa ya yi ana ruwa sai na leƙa waje.

Matarsa Verna ta daɗe tana jinya kafin ta rasu, ta rame ta lalace a keken guragu. Orval ya gaya min a shagona cewa abin da ke cin ransa shi ne yaran gari wannan Vernar kaɗai suka sani, manya kuma sun fara mantawa da ta da. Na tausaya masa ƙwarai.

Da kaka ta zagayo ya hau dandamali, muka gyara zama muna jiran labarin Lute. Sai ya ce yau labarin matarsa zai ba mu. Wai a shekarar babbar ƙanƙara motar makaranta ta maƙale a hanya, Verna da ke cikin motar ta ɗaura igiya a ƙugu, ta jera yaran a jikinta, ta goya ƙaraminsu, ta janyo su har gida iska na tsinka wayoyi. Wai da aka cire mata takalma yatsu biyu da sanyi ya kashe suka bi su, ta ce dama sun dame ta. Samari suka kwashe da dariya har da tafi.

Delbert Kruse, alƙalin gasar, wanda ba sa ga maciji da Orval, ya miƙe.

"Orval, ka faɗi. Ni ne wanda ta goya."

"Zauna, Delbert. Tulu kamarka wa zai iya ɗauka?"

"Ina ɗan aji ɗaya lokacin, tsohon banza. Har yau ban manta ɗumin bayanta ba."

Wata mata daga baya ta miƙe ta ce tana cikin igiyar. Mai kantin magani ya miƙe. Ni ma na miƙe, don ƙanena na cikinsu. Dariya ta ɗauke ɗif.

Wani makiyayi aka ba kambun, da labarin kifinsa mai tari. Ko kallonsa Orval bai yi ba, don samarin nan sun riga sun kewaye shi. Jikar Delbert ta tambaye shi wace irin mace ce Verna. Ya goge ido da hularsa, ya jawo kujera ya zauna, ya faro tun daga ranar da ya fara ganinta.