Farin Dutsen Niƙan Tozali

Tun da na yi wayo na tarar da dutsen nan a ɗakin Inna, mahaifiyarmu, a Unguwar Lalle. Faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, fari ne mai ratsin toka-toka, tsakiyarsa ta lotsa saboda niƙa. A kansa take niƙa tozali, wani lokaci kanumfari ko jar kanwa. Ko da bazara, sa'ad da ruwan randa kansa ke ɗumi, in ka ɗora masa kumatu sanyi za ka ji. Ƙasarmu kuwa yashi ce da laka da jar marmara, kuma daga gonakinmu har bakin gulbi ban taɓa ganin irinsa ba. Inna ta ce gadon kakarta ne, wadda aka kawo aure da shi daga wajen Alkalawa. Iyakar abin da muka sani ke nan. Na yi aure a Isa, na haifi 'ya'ya har na aurar, ban ƙara tambaya ba.

Wadda ta tayar da zancen ɗiyar ƙanena ce, mai karatun ilimin duwatsu a Sakkwato. Wata kaka, bayan an ɗaure gero, ta zo hutu, ni ma na zo duba Inna da ke fama da gwiwa. Da hantsi muna zaune a inuwar rumbu, Inna ta ce a miƙo mata dutsen. Yarinyar ta ɗauko, amma maimakon ta miƙa sai ta tsaya a rana tana jujjuya shi.

"Gwaggo, zo ki gani," ta ce mini.

Na tashi na duba. A gefen da ya taɓa ɓantarewa, inda hannu bai goge ba, wasu ƙananan ƙwayoyi na ƙyalli kamar sukari. Ni da na girma da dutsen, ban taɓa lura da su ba.

Yarinyar ta ce a ba ta wuƙa da lemun tsami.

"Mi za ki yi da wuƙa?" in ji Inna.

"Kaka, ɗan ƙarzawa za ni yi ta ƙasa, inda ba a gani."

"Dutsen da ya girmi uban ubanki za ki yi wa kaciya? To, in kika fasa shi, da haƙoranki za ki niƙa mini tozali."

Ta ƙarza a hankali, farin gari ya fito. Da ta ɗiga ruwan lemun sai garin ya soma kumfa ƙanana ƙanana. Na kai kunnena kusa, na ji yana tsuwwa ƙasa-ƙasa. Inna ta ja da baya ta yi a'uziyya, sannan ta matso ta ce a sake.

Yarinyar ta shiga ɗaki ta fito da wani dutse daga jakarta, wanda ta tsinto lokacin da aka fita da su daji kusa da Sakkwato. Shi fari ne mai dishi-dishi, yana barin gari a yatsa, kuma a jikinsa ga siffar ɓawon dodon koɗi nan sak, da wasu kamar makankari irin wanda ake tsinta a gulbi. Ta ɗiga masa lemu, shi ma ya yi kumfa. Ta ce irinsa ake ƙonawa a yi siminti, kuma asalinsa ɓawon halittun teku ne da suka mutu suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, wani kan wani, har suka danƙare.

"Teku a Sakkwato?" na ce. "Mu da muke roƙon ruwa kowace shekara?"

Ta ce ƙwarai kuwa, teku ta taɓa malalowa ta arewa, ta inda hamada take yau, tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa. Inna ta ce wanda ya halicci ruwa ai yana da ikon kwashe abinsa, a ci gaba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda duwatsun biyu za su zama dangi, alhali na Inna ba shi da ko ɓawo ɗaya. Na tambayi yarinyar. Ta nuna tukunyar da ke kan murhu, ta ce in tuna yumɓu kafin a gasa shi. Ta ce na Inna ma da can kamar nata yake, sai ƙasa ta motsa ta binne shi can cikin cikinta, duwatsu suka danne shi, zafi ya ratsa shi zamani mai tsawo ba tare da ya narke ba. A hankali ɓawon ya ɓace, ya koma waɗannan ƙwayoyi masu ƙyalli da suka kama juna. Ratsin tokan kuma laka ce da ta gauraya da shi tun yana ƙarƙashin ruwa. Ta ce mabul ake kiransa, wasu kuma su ce marmara.

"Marmara ai ja ce," in ji Inna. "Ga ta can bayan gari."

Yarinyar ta ƙara da cewa tekun da ta haifi na Inna ta riga ta Sakkwato da nisa, don irin wannan gashi a tsofaffin duwatsu ake samunsa. Inna ta yi dariya ta ce ashe nata ne babban wa, a sa ƙanen ya gaishe shi.

Saura tambaya ɗaya, daga ina ya zo? Yarinyar ta ce ba dai ƙasarmu ba. Da la'asar muka aika aka kira wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai kaya kasuwannin Nijar. Ya ɗauki dutsen ya auna nauyinsa a hannu. Ya ce bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba, amma Buzayen da yake sayen dabino wurinsu sun ba shi labarin wasu fararen duwatsu gaba da Agadas, masu ɗaukar ido da rana. Inna ta gyara zama nan take, ta ce to magana ta fito, tun da kowa ya san mu Gobirawa daga Azbin, ƙasar Agadas ɗin nan, muka taso. Yarinyar ta ce yana yiwuwa, amma ta kudu ma akwai irinsa, kuma ɗan kasuwa ba ya rasa hanya. Suka yi ta musu har aka kira magariba.

Da yarinyar za ta koma makaranta, Inna da kanta ta ba ta ɗan ɓallin dutsen, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ta ƙulle mata a bakin gyale. Bayan wani lokaci ta bugo waya ta ce an duba da madubin ƙara girma, mabul ne tabbas, amma ɓallin bai isa ya faɗi garinsu ba. Inna ta ce ba komai, ita ta riga ta zaɓi Azbin.

Ni dai abin ya bi ni. Bara na raka maigidana asibiti a Sakkwato, da azahar muka shiga wani masallaci da ke kusa, aka nuna mini ɓangaren mata. Daɓen duk farin dutse ne mai ratsi. Bayan na idar sai na tsuguna ina bin ratsin da yatsa, ina neman inda ya ɓantare in ga ko yana ƙyalli. Wata mata ta dafa kafaɗata ta ce, "Hajiya, ɗan kunne ya faɗi?" Na ce a'a, dutsen nake kallo. Ta dube ni, ta dubi daɓen, sannan ita ma ta tattare zanenta ta tsuguna kusa da ni.