Maganin Tsufan Maigidana

Shekarun farko bayan samun 'yancin kai muna zaune a Funtua. Maigidana yana aikin awo a kamfanin gurzar auduga, ni kuma ina tuyar ƙuli-ƙuli ina sayar da man gyaɗa. Tun a Gozaki mahaifiyata ta koya mini jefa citta da kanumfari da kimba a cikin man da zan ajiye. Kowanne shi kaɗai ba ya riƙe mai sosai, amma in aka haɗa su sai man ya daɗe bai canja wari ba.

Wata rana wanzami ya nuna masa furfura a gemunsa, hankalinsa ya tashi. Ya shigo ya tarar ina wannan haɗin, ya tambayi dalili. Da na gaya masa sai ya ce, "Ashe maganin tsufa na gidan nan, tulun mai kike ba, ni kin bar ni haka."

Na ce masa ai shi ba man gyaɗa ba ne. Ya ce duk wanda ya ga maiƙon fuskarsa a wurin aiki ba zai faɗi haka ba.

Daga ranar ya ƙwace mini tukunya guda. A ganinsa in abu uku sun riƙe mai, goma za su riƙe mutum. Ya ƙara zoɓo da tsamiya da zogale da ganyen darbejiya. Wani Bayerabe mai kanti, maƙwabcinmu, ya kawo nasa ganyen daga kudu, aka zuba ba a ko tambayi sunansa ba. Abokan hirarsa, masu sanƙo da masu ciwon gwiwa, suka riƙa zuwa da kofunansu bayan la'asar.

Ba a jima ba hira ta gagara. Mutum na tsakiyar magana sai ya miƙe ya nemi buta. Maigidana ya tabbatar musu tsufan ne ke fita. Ya rame har wandon kaki ya daina zama a ƙugunsa, ya ce ga shi ya koma jikinsa na samartaka.

Ana haka ƙanensa ya zo daga Malumfashi. Ya same shi kishingiɗe a duhun zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ko Yaya yana ciki?"

Bayan baƙon ya tafi ya ce in tuƙa tuwo. Ya ci ya ƙara. Abokan hira kuwa ya gaya musu ganyen Bayeraben ne ya ɓata haɗin. Sai da damina ta wuce kafin shi da Bayeraben su koma gaisawa.