Ruwan da Kaka Ta Ba Alhaji

A kasuwar Rungis da ke gefen Paris nake aiki, ɓangaren masu kifi. Duk sanda aka buɗe akwatin da ya taho daga gaɓa, ƙarnin nan mai gishiri yakan mayar da ni ranar da na fara ganin teku. Bari in ba ka labarinta.

Lokacin muna zaune a garin Rillieux, can kudu da Paris, ina ɗan firamare. Kakata ta wajen uba ta zo daga Damagaram a duba mata idanu. Ba ta cika magana ba tun da autanta, ƙanen babana, ya shiga kwale-kwale daga Libiya bai fito ba. Abinci ma sai an lallashe ta.

Da vakansi, wato dogon hutu, ƙungiyar 'yan Nijar ta ɗauko mana kar, babbar motar haya, zuwa bakin Bahar Rum. Mu yara, motar ba ta gama tsayawa ba muka zubar da takalma. Yashi na ƙona tafin ƙafa, ruwa ya zo ya lashi ƙwaurinmu ya gudu, mu bi shi da ihu. Manya kuwa can nesa suka shimfiɗa tabarmi, suka buɗe kulolin dambu, iyaye mata na ta ƙwala mana kira kada mu yi nisa. Kaka ta zauna ta juya wa ruwan baya.

Ana shirin cin abinci sai ga wani Alhaji ɗan garinmu, ya taso daga Paris a motarsa, cikin farar shadda, turare na tashi. Daga baya na san ko wane ne. Shi ya zuga baffan nawa, ya haɗa shi da masu kwale-kwalen, ya rantse wa Kaka cewa ba abin da zai same shi. Da abin ya faru, ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba. Babana ya sunkuyar da kai ya ba shi hannu.

Kaka ba ta gani sosai, amma ta ɗauki muryarsa. Ta kira ni.

"Jeka ka ɗebo mini ruwan can a bokitinka."

Na ruga da murna, a zatona ita ma wasan za ta yi. Ta tace ruwan da bakin mayafinta cikin kofinta na silba. Alhaji ya zo ya durƙusa, ya jero gaisuwa, ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar iyali.

"Ka sha hanya, Alhaji. Ga ruwa."

Ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya nemi ajiyewa. Ta damƙe wuyan hannunsa. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba.

"Shanye. Ɗana da yake sha, ba wanda ya ce masa ya isa."

Babana ya ce, "Inna, don Allah..."

"Kai, yi mini shiru."

Alhaji ya dubi mutane, ba wanda ya ɗago kai. Ya shanye tas, idanu jajawur. Muna jin yana kakarin amai a bayan mota kafin ya ja ta ya tafi. Kaka ta ce a zubo mata dambu. Ta cinye, ta ce a ƙaro. Sauran yara suka koma ruwa, ni ƙafata ta ƙi.

Kaka ta rasu a gida da daɗewa. Alhaji ya tsufa, sahun gaba yake zama ranar idi, samari na rububin riƙe masa sanda. Waɗanda suka san abin da ya yi suna ta ƙarewa, 'ya'yana kuwa teku wurin iyo ne kawai a wajensu. Liman yakan ce yafiya ta fi, matata ma haka. Na ji. Amma duk shekara, idan aka sallame ya miƙo mini hannu yana cewa "Ɗana, barka da salla," nakan bar hannun nan a iska har sai ya gaji ya mayar da shi aljihu.