Ƙirgin Da Na Jefa A Durom

Ba zan faɗi sunana ba, saboda tsohuwata tana da rai, kuma kunyar da na ja mata ta isa haka. Ku dai sani ni mutumin wani ƙauye ne a Jigawa, na shigo Kano ci-rani ina saurayi, ban koma ba. Wani ɗan garinmu ya yi mini hanya a wani kamfanin fata a Challawa. Da dako na fara, warin nan yana bi na har masallaci, mutane suna matsawa a sahu. A hankali idona ya buɗe, aka mai da ni silekta, wato mai duba fata ya ware mai kyau daga mai aibi. Ba yabon kai ba, in na shafa ƙirgin saniya sau ɗaya zan gaya maka a mayanka aka feɗe ta ko a daji, da natsuwa ko a gurguje. Wannan idon shi ne arzikina, kuma da shi na halaka kaina.

A gidan hayar da nake zaune a Kumbotso akwai wani abokin aikina, Luka. Shi ke kula da durom, manyan gangunan nan masu juyawa da ake zuba fata a ciki da magani, ta fito babu gashi ko ɗaya. Mutanensu manoma ne, wata ƙaramar ƙabila a gindin duwatsu, can kudu da mu. Addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba, amma kwano ɗaya muke ci. Matarsa Saratu ba ta kirana da komai sai tuzuru. In ta zuba wa mijinta tuwo sai ta ɗaga murya ta ce tuzuru ya fito, kada yunwa ta kashe shi a ce a gidansu ne. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ta dinga dama mini kunu har na miƙe.

Lalacewata daga ɗan goro ta fara. Mai kawo kaya zai matse mini hannu, ni kuma in kau da kai, fata mai aibi ta wuce a mai kyau. Na ce wa zuciyata ai kamfani ba zai talauce ba. A cikin masu kawo kayan akwai wani da muke kira Alhaji Mai Ƙirgi, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, carbi ba ya barin hannunsa. Shi ya lura cewa idona yana gani, bakina kuma yana rufuwa. Wata rana ya gayyace ni sitonsa a Dakata, wai in taya shi duba kaya.

Ina ɗaga ƙirgin farko na gane. Fiɗar daji ce, wuƙa ta yi ta tsallake-tsallake don sauri. Kuma duk ƙiragan shaida ɗaya gare su a cinya, tambarin nan da makiyaya ke yi da ƙarfe mai zafi, kowane gida da irin nasa. Ga na shanun tatsa, ga na maruƙa. Babu Bafulatanin da zai sayar da garkensa kaf har da uwa da ɗa, sai dai in ƙwace aka yi. Alhaji bai yi mini dogon bayani ba. Ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanke shaidar, in gyara wurin ya yi kama da kuskuren mahauci, in kayan sun zo kamfani kuma in karɓa. Na karɓi wuƙar na kama aiki.

Daga nan sai gishiri. Motar da ta kawo ƙiraga tana komawa da buhunan gishirin shafa wa fata, kuma ni nake ɗinke bakin buhunan bayan an cusa harsasai a tsakiya. Yaran Alhaji da ke daji babu ƙabilar da babu a cikinsu, ɓarayi ne kawai. Su kore shanun Fulani a ce manoma ne, rikici ya tashi, Alhaji ya sayar wa wannan ɓangare harsashi ya sayar wa wancan. Na sayi babur, na sauya waya, na fara cin tsire ba tare da na tambayi farashi ba. Ban taɓa tambayar daga wane daji kayan ke fitowa ba, don ba na so in sani.

Ashe dajin su Luka ne. Kullum da yamma yana zaune da rediyo a kunne, fuskarsa ba daɗi. An kore babban garke, Fulani sun ce mutanen su Luka ne, su kuma sun rantse ko kaho ba su gani ba. An riga an kashe mutane nan da can, an ƙona rumbuna. Dattawan ɓangarorin biyu suka zauna sulhu. Samarin Fulani suka ce za su ajiye makami in an nuna musu da idonsu cewa shanun ba a hannun manoma suka ƙare ba, in kuwa aka kasa kafin a gama girbi, to kowa ya yi ta kansa. A daidai lokacin Saratu ta tafi gida taya surukarta girbi, ta ce mini in ta dawo za ta zo mini da sabuwar acca.

Dattawan suka yi shawara cewa naman saniya yana ɓacewa a ciki, amma ƙirginta Kano yake zuwa. Sai suka turo mai garken da kansa, wani tsoho Ardo, aka haɗa shi da Luka ya zaga da shi kamfanonin fata. Sun shiga Sharada, sun shiga Bompai, ba su samu komai ba. Ranar da suka zo wurinmu Luka ya kama hannuna ya kai ni gaban tsohon, ya ce wannan ɗan'uwansa ne, a duk Challawa babu mai idonsa, kuma ba ya ƙarya.

Ban damu ba, tunda na san na yanke kowace shaida. Wannan ita ce wautata ta ɗan birni: na ɗauka da tambari makiyayi ke gane saniyarsa. Tsohon ko kallon cinya bai yi ba. Yana ɗaga ƙiraga yana ajiyewa, har ya zo kan wani fari mai baƙin tabo a kafaɗa kamar tafin hannu. Sai ya tsaya. Ya durƙusa a cikin ruwan gishirin nan da rigarsa, ya shafa gashin, ya kira wani suna da Fulatanci a hankali, irin kiran da ake yi wa mai rai. Ya nuna mana wani tsohon miki a wuya, ya ce kura ce ta yi wa saniyar tana maraƙa, shi ya yi jinyarta. Sannan ya sa yatsa a ramin da na yanke, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wa ya kawo muku wannan?"

"Baba, ku yi haƙuri, kaya suna da yawa, ba zan iya tunawa ba."

Manaja ya ce ba zai saki kayan kamfani haka kawai ba, su dawo da safe da hukuma, a ba su ƙirgin a kuma binciko wanda ya kawo shi. Luka ya ɗauki hoto da wayarsa, ya naɗe ƙirgin da kansa ya ajiye a gefe, ya ce mini amana. Murna yake yi kamar an yi masa haihuwa. Ya raka tsohon masauki, ya dawo ya kama aikin yamma.

Kafin la'asar Alhaji ya kira ni, ban san wanda ya tsegunta masa ba. Muryarsa a sanyaye ya tuna mini wanda ke ɗinke buhunan gishiri, ya ce in ƙirgin nan ya kwana da gashinsa, ni da shi tare za mu nutse. Tsoro ya kama ni, tsoron kurkuku, tsoron abin da za a faɗa a ƙauyenmu. Na tuna Saratu, kada ku ce ban tuna ba, na tuna ta sarai, amma na ce wa kaina ai dattawa za su samo wata hanyar. Da mutane suka tafi sallah, ni na zame. Na ɗauki ƙirgin na cusa shi a tsakiyar tulin da za a zuba a durom. Luka ya zo ya loda, ya zuba magani, ya danna makunni, yana ma waƙa da yarensu.

Da safe suka zo da ɗan sanda, aka duba inda Luka ya ajiye ƙirgin, babu shi. Na yi ta nema tare da su, har da yi wa 'yan dako faɗa. Aka buɗe durom, ƙiraga suka zubo fes, duk kala ɗaya, santsi kamar tafasasshiyar ganda, uwar da ta haifi saniyar ma ba za ta gane ta ba. Ardo ya ɗauki sandarsa ya fita. Da ya koma gida ya rantse ya ga saniyarsa a Kano, samarin suka ce tsufa ne ko kuma an saye shi. Aka nuna musu hoto, suka ce hoton da manomi ya ɗauka ba hujja ba ce, kowa ma yana iya haɗawa a waya.

Ana gama girbi aka afka wa ƙauyen su Luka. Saratu da surukarta suna cikin waɗanda suka ɓuya a rumbu, aka cinna masa wuta. Bayan kwanaki samarin su Luka suka rama a kan rugage, mata da yara da ba su san hawa ba balle sauka suka tafi, har da jikokin Ardo. Harsasan da aka yi amfani da su a ɓangarorin biyu, mai yiwuwa ni na ɗinke buhunsu. Ranar da Luka zai tafi gida ya rungume ni yana kuka, ya ce ya gode da wahalar da na sha wajen neman ƙirgin. Ni ma na yi kuka, ya ɗauka na tausayi ne.

Ba a daɗe ba motar gishiri ta faɗi a hanya, buhuna suka fashe, direba ya kira sunana. Alhaji ya ɓace, har yau ban san inda yake ba. A kotu na amsa laifin harsasai aka yanke mini shekaru. Maganar ƙirgi babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban tayar da ita ba. Amma a kurkuku ita ce ta hana ni sakat. Duka da yunwa da ƙwarƙwata duk na jure, abin da na kasa jurewa shi ne a kawo kunu. Da na ji ƙamshinsa sai in ji ana cewa tuzuru ya fito.

Luka ya zo duba ni, ya rame, furfura ta fito masa. Ya kawo mini garin kwaki da sabulu, yana cewa ya san sharrin Alhaji ne ya rutsa da ni, ban san abin da ke cikin buhunan ba. A nan na kasa. Na gaya masa komai, tun daga wuƙar Dakata har la'asar ɗin nan. Sai ya ɗago kai ya tambaye ni.

"A tulin da na loda ka sa shi?"

"A nan na sa."

"Ke nan ni na kunna."

Ya buɗe hannunsa na dama yana kallo. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya tura mini ledar garin ya tashi ya fita.

Da aka sake ni, shi na tarar a bakin ƙofa. Ashe ya shiga cikin masu zaman sulhu, don har lokacin ana kashe-kashe jefi-jefi, kowa yana riƙe da cewa ɗayan ne ya fara. Ya ce ba don ni ya zo ba, akwai maganar da na ɓoye wadda ta mutane ce, in zo in mayar musu. Na bi shi. A ƙarƙashin wata bishiya, Fulani a gefe, manoma a gefe, na tsaya na faɗi yadda aka kore shanun da wanda ya saya da abin da na yi. Wasu samari suka taso mini, dattawa suka tare. Ardo yana nan, idonsa ya kusa tafiya. Ya ce tun ranar ya san na sani, don duk wanda ke wurin ya kalli ƙirgin, ni kaɗai nake kallon ƙasa. Ya ce shi ya bar ni da Allah. An samu sauƙi bayan zaman nan, ana haɗuwa a kasuwa, amma wanda ya tafi ya tafi.

Yanzu faci nake yi a bakin titi a Dorayi, ina neman gafarar Ubangiji, ban sani ba ko zan samu. Ku samari, musamman ku da ke aiki a kamfanoni da sito da tashar mota, ku ji ni da kyau. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, ban taɓa ganin jini ba, ina Kano ina cin tsire, amma na kashe mutane. In aka kawo muku kaya masu arha fiye da hankali, ku tambayi daga ina. In aka ce ku goge wata alama, ku rufe wani buhu, ku kau da kai na ɗan lokaci, ku ƙi tun a goron farko, don na biyu ba a neman izininku. Kuma in gaskiya ta rage a bakinku kaɗai, ku faɗe ta a ranar da take da amfani. Ni na faɗi tawa bayan an binne waɗanda za ta ceta.

Luka yakan shigo Kano wani lokaci. In ya wuce ta wurina na gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi jikin tsohuwata. Amma in na miƙa masa hannu, sai ya sa nasa na dama a aljihu.